Filtar ƙwayoyin cuta ta otokilef: zaren gilashi ko tantanin PTFE?

Lokacin busar da kaya ya cika, amma ƙofar otokilef, wato na'urar tsarkake kayan tiyata da tururi, ta ƙi buɗewa. Minti biyar, minti goma, tana nan a manne kamar an yi mata walda, ga masu tiyata suna ta aiko da saƙo. Ina tsaye a wurin, a wani wajen aiki da na taɓa zama, sai wani ma'aikaci ya buɗe ƙaramin murfin gaba, ya murɗe wani ɗan farin faifai ya cire. Nan take muka ji iska ta shiga fuuu, ƙofa ta saki, kowa ya yi ajiyar zuciya. Da na ɗauki faifan sai na ga ya koma ruwan toka, ga nauyin ruwa a cikinsa. Wannan faifan shi ne filtar ƙwayoyin cuta. Abin da aka yi a wannan ɗan lokaci shi ne an kwarara iskar ɗaki, da ƙurarta da duk abin da take ɗauke da shi, a kan kayan da aka gama tsarkakewa. Ana tufka, baya na warwarewa.

Otokilef tana kashe ƙwayoyin cuta ne da tururi mai matsi, ko dai digiri 121 a ma'aunin Salshiyos na minti 15, ko digiri 134 na minti 3. Ƙananan na'urorin da ƙa'idar Turai ta EN 13060 ta sa a aji B suna da famfon da ke zuƙe iskar ciki sau da yawa kafin tururi ya shiga, sannan bayan an gama ya sake zuƙewa don kaya su bushe. Daga nan ciki ya zama wayam, iskar waje kuma tana danne ƙofa da nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ƙofa mai faɗin santimita 25 ke nan tana ɗauke da wajen rabin tan. Ba mai iya buɗe ta sai an mayar da iska ciki. Idan tukunyar mai lita 18 ce ko 23, to kusan wannan adadin na iskar ɗaki ne zai shiga a kowane zagaye, kuma ba a gefe zai tsaya ba: zai ratsa takardar da aka naɗe kaya, ya cika akwatuna, ya shiga cikin bututun kayan aiki. Filta ce shingen farko tsakaninsa da kayan.

Abin da ya fi damuna shi ne babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen yau da kullum da ke lura da ita. Gwajin Bowie-Dick yana duba ko iska ta fita tururi ya ratsa. Takarda mai sauya launi tana shaidar zafi da lokaci. 'Yar kwalbar gwaji mai ɗauke da bakteriya mai jure zafi, Geobacillus stearothermophilus, tana nuna ko tururi ya kashe abin da ya tarar. Gwajin yoyo kuwa ana yin sa ne bawul ɗin shigar iska yana rufe. Duk za su iya fitowa lafiya lau alhali filta ta yage tun watan jiya. Shi ya sa zaɓenta yake bukatar natsuwa fiye da yadda girmanta yake nunawa.

Haɗin otokilef da filta ba sabo ba ne. Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, shi ya ƙera otokilef a 1879, kuma shi ne a 1884 ya fito da filtar tangaran mai tace bakteriya daga ruwa. Da irin wannan filtar ce Dmitri Ivanovsky ya gano a 1892 cewa abin da ke sa wa ganyen taba cuta yana wucewa ta cikinta, wanda daga baya aka gane bairos ne. Tun a wancan zamani aka san kowace filta tana da iyakarta.

Kafin a kwatanta komai, sai an tabbatar wace filta ake magana a kai, domin ana yawan cakuɗa su. Ragar da ke bakin magudanar tukunya tana tare zare ne da guntun takarda. Filtar ruwan tanki tana tare datti. A manyan na'urori akwai ta ƙarfe a kan bututun tururi, aikinta tare tsatsa. Babu ta ƙwayoyin cuta a cikinsu. Waɗanda suka cancanci sunan su ne ta shigar iska, da ta fitar iska a wuraren da ake dafa kayan da suka gurɓata, da ta murfin akwatin kayan tiyata, da kuma ƙaramar da ake maƙala wa bakin kwalbar ruwan da za a dafa. Tambayar farko a kowacce ita ce: iskar ina ta nufa, kuma wa ake karewa, kayan ko mutanen ɗaki?

Mu fara da ta shigar iska, tunda ita ce kowa ke da ita. A nan zaɓi biyu ne ke gaban mai saye.

Ta farko filta ce ta zaren gilashi, dangin HEPA, wato filtocin iska masu kama ƙura 'yar mitsitsiya. Idan ka tsaga ta za ka ga wata farar takarda mai laushi, an naɗe ta ninki-ninki. Ba ramuka masu girma ɗaya gare ta ba. Sarƙaƙiyar zare ce kawai, kamar kurmi. Babbar ƙwaya tana zuwa da gudu ta kasa shan kwana ta bugi zare. Matsakaiciya tana goga jikinta ta maƙale. 'Yar mitsitsiya kuwa ba ta tafiya a miƙe, rawa take yi hagu da dama saboda ƙwayoyin iska suna ta bugun ta, har ta faɗa kan wani zaren. Wadda ta fi wuyar kamu ita ce ta tsakiya, mai girman maikiron 0.1 zuwa 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wannan ne dalilin da ya sa ake auna irin waɗannan filtoci a wannan yanki. Ma'aunin HEPA na Amurka shi ne kashi 99.97 cikin ɗari a maikiron 0.3. A ƙa'idar EN 1822, filtar ajin H13 tana riƙe kashi 99.95, H14 kuma 99.995, a girman da ya fi saurin wucewa. Alherinta a bayyane yake: iska tana ratsa ta da sauƙi, tana haɗiye ƙura mai yawa kafin ta toshe, ƙofa kuma tana buɗewa da wuri.

Ta biyu tantani ce siririya, yawanci ta PTFE, wato sinadarin nan da Roy Plunkett ya gano a 1938 wanda aka fi sani da Teflon. A jikinta za ka ga an rubuta 0.2 ko 0.22, wato maikiron. Wannan lamba ba da awon rami aka samo ta ba, da jarrabawa aka samo ta. A ƙarƙashin tsarin ASTM F838 ana tura wa tantanin wata ƙaramar bakteriya mai suna Brevundimonas diminuta a cikin ruwa, aƙalla miliyan 10 a kan kowane murabba'in santimita, kuma abin da ake nema shi ne kada ko ɗaya ta fito ta ɗaya gefen. A da ana ganin maikiron 0.45 ya wadatar, sai a shekarun 1960 aka tarar wannan ƙwayar tana sulalewa ta cikinsa, aka ƙara matse ma'auni.

A nan ne masu saye da yawa ke yin kuskure. Suna ganin 0.3 a jikin wannan, 0.2 a jikin waccan, sai su ɗauka bambancin ɗan kaɗan ne, kamar lambar takalmi. Alhali lambobin ba yare ɗaya suke yi ba. Ta zaren gilashi tana cewa: a busasshiyar iska, cikin dubu goma ba zan saki fiye da kaza ba. Tantani kuma yana cewa: ko a cikin ruwa, inda rawar ƙwaya ba ta taimako, girman raminsa kaɗai ya isa ya tare bakteriya. A busasshiyar iska dukansu suna aiki sosai, tantanin ma yana kama abubuwan da suka fi raminsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Rabuwarsu tana zuwa ne ranar da ruwa ya taɓa su, otokilef kuwa gidan ruwa ce.

Tururi yana komawa ruwa a duk inda ya sami sanyi. Bawul ɗin da ke tsakanin filta da tukunya idan ya fara tsufa, yakan bar ɗan tururi ya koma baya. Zaren gilashi in ya jiƙe, ruwa yana cike guraben da iska ke bi, sai ƙofa ta fara jinkiri, irin abin da na gani a ranar nan. Idan aka ci gaba da jan iska da ƙarfi ta cikin jiƙaƙƙiyar takarda, zaren yana iya gocewa ko ya yage. Mafi muni, ƙurar da ta tara ga danshi ga ɗumi, ta zama gonar bakteriya da fumfuna, a daidai bakin hanyar da ke kai wa kayan tiyata. Wasu masu ƙerawa suna shafa wa zaren maganin korar ruwa, yana taimakawa, amma shafi ne, ba asalin jiki ba.

PTFE kuwa ƙin ruwa a jininta yake. Ɗiga mata ruwa ka gani: zai dunƙule ya gangara, ba ya shiga ramin sai an danna shi da matsi na bar da yawa (bar ɗaya kusan daidai yake da nauyin iskar waje). Wannan ba ya nufin ba ta toshewa. Ruwa yana iya kwanciya a fuskarta ya rufe hanya, shi ya sa a manyan na'urori ake tsayar da gidanta a tsaye da mafitar ruwa a ƙasa, wasu ma har da abin ɗumama shi. Amma da zarar ta tsane ta koma yadda take. Abin da ke karya mata wannan hali shi ne mai, da sabulu, da barasa. Ma'aikaci mai son tsabta ya fesa wa gaban na'ura sifirit ya jiƙa filta, ya buɗe wa ruwa ƙofa bai sani ba. Akwai kuma tantanin wata roba mai suna PVDF, shi ma yana ƙin ruwa, sai dai bai kai PTFE ba. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne tantanin PES da sauran masu shan ruwa, waɗanda aka yi don tace magani ko ruwan gwaji. Lambar 0.2 ce a jikinsu su ma, siffarsu ɗaya, amma ɗigon farko da ya jiƙa su iska ta daina wucewa kwata-kwata.

Bambanci na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi, shi ne ko za ka iya tabbatar da lafiyarta bayan ta yi aiki. Tantani ana gwada shi. Akwai gwajin kumfa, inda ake jiƙa shi da barasa da ruwa a ƙara matsin iska har a ga inda kumfa ta fara ɓullowa. Akwai kuma gwajin kutsen ruwa, wanda ya fi dacewa da PTFE: a cika gefen shiga da ruwa, a matsa shi wajen bar biyu da rabi, a auna yadda matsin ke raguwa. Tantani mai lafiya ba ya barin ruwan ya wuce, mai huji kuwa nan da nan zai tona kansa. Daɗin wannan gwajin, ba a cire filta daga wurinta, ba a sa barasa, gefen da ke kallon tukunya kuma yana nan da tsarkinsa. Yana dai son ɗaki mai daidaitaccen zafi, domin ɗan sauyin ɗumi yana rikita lissafi. Zaren gilashi ba ya karɓar waɗannan gwaje-gwaje. Ana gwada manyan HEPA da hayaƙin mai na musamman, amma ba wanda ke yi wa ɗan faifan otokilef haka. Shaidarta kawai ita ce takardar masana'anta da kwanan watan da aka ɗaura ta.

To wacce za a saya? Ga ƙaramin asibiti ko ɗakin likitan haƙori mai na'urar kan tebur, ra'ayina a fili yake: a sayi ainihin wadda mai ƙera na'urar ya rubuta a littafinta, ko ta zare ce ko ta tantani. Ba don biyayya ba, don lissafi ne. Na'urar tana sa ran matsi ya daidaita cikin wani ƙayyadadden lokaci, kuma an auna wannan lokaci ne da faɗin wannan filtar. Ka ɗaura tantanin 0.2 mai ƙaramin faɗi a inda aka tsara zaren gilashi, da niyyar ƙarin kariya, sai iska ta riƙa shiga da ƙyar, na'ura ta riƙa kuka tana nuna kuskure, a ƙarshe wani ya gaji ya cire ta gaba ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A irin wannan wuri kayan a naɗe suke, naɗin shi ma shinge ne, don haka filtar zare mai kyau da ake sauyawa a kan kari ta wadatar. In kuwa na'urar tana da zaɓi biyu da masana'anta ta amince da su, kuma an taɓa cire filta a jiƙe ko sau ɗaya, to PTFE zan ɗauka, sannan in sa a duba bawul, domin ba filta ce ta kawo ruwan ba.

A babban sashen tsarkake kaya mai na'urorin da ke ƙarƙashin ƙa'idar Turai ta EN 285, da masana'antar magunguna, lissafin ya sauya. Iskar da ke shiga a zagaye ɗaya ɗaruruwan lita ce, wani lokaci kan kayan da za su taɓa maganin allura kai tsaye. A nan tantanin PTFE mai siffar gwangwani, a cikin gida na ƙarfe marar tsatsa, shi ne ya dace, saboda ana iya dafa shi da tururi a inda yake kuma a gwada shi a rubuta sakamako. Sai dai a tuna tantanin ne PTFE, kejin da ke riƙe shi galibi robar polifurofilin ce, wadda ke yin laushi da zafi. Idan aka sakar masa tururi da ƙarfi lokaci ɗaya, ko aka bar shi ya huce farat ɗaya, yana iya lanƙwasewa ko ya tsage a gindi. Kowace masana'anta tana rubuta iyakar sau nawa za a dafa shi da iyakar bambancin matsi a wannan zafin, kuma wannan shafin ne ya kamata a fara karantawa. Sa wata filtar ƙura mai sauƙi a gabansa yana ƙara masa kwana sosai.

Filtar fitar iska labarinta daban ne, kuma a nan ba na ganin akwai muhawara. A ɗakin gwaje-gwaje na mataki na 3, inda ake aiki da irin su ƙwayar tarin fuka, ana zuba shara mai rai a otokilef. Zuƙar farko da famfo zai yi tana faruwa ne kafin zafi ya kashe komai, wato iskar da ya jawo tana iya ɗauke da cutar zuwa magudana ko cikin ɗaki. Iskar nan jiƙaƙƙiya ce tun asali, don haka zaren gilashi ba shi da wurin zama. Ana bukatar tantanin 0.2 mai ƙin ruwa, wanda na'urar da kanta ke dafa shi a kowane zagaye don mai sauya shi kada ya kamu, tare da tsarin da ke riƙe ruwan da ya taru a cikin tukunya har sai ya dahu. Wasu wurare suna jera filta biyu, ɗaya bayan ɗaya. Abokin takararta a nan ba wata filta ba ce, tsarin ƙona iskar ne da zafi mai tsanani kafin ta fita. Shi ba ya toshewa, amma yana cin wuta kuma sai an tabbatar zafin ya kai a kowane lokaci. Wannan shawara ce da ake yanke ta tun wajen sayen na'ura. Ɗaura wa tsohuwar otokilef filta a bututun fita ba ya mayar da ita ta ɗakin cuta mai haɗari.

A murfin akwatin kayan tiyata kuwa, zaɓin tsakanin takarda ne da PTFE da bawul. Takarda ana jefar da ita bayan kowane zagaye, kuma wasu na zuwa da alamar da ke sauya launi. Aiki ne kullum, amma kullum sabuwa ce. Ta PTFE tana daɗewa zagaye masu yawa, ta rage shara da wahala, sai dai tana bukatar mai ɗaga ta ga haske ya nemi huji ko karaya duk lokacin da aka wanke akwati, da mai ƙirga zagayen da ta yi. Inda ma'aikata ke yawan sauyawa kuma rubutu ba ya tsayawa, takarda ta fi aminci. Murfi mai bawul yana buɗewa ne da sauyin matsi, don haka da na'ura mai famfon zuƙa yake tafiya. Haka ma akwati mai rufaffen gindi: a otokilef da tururi ke tura iska ƙasa da kansa, iskar tana maƙalewa a ciki, sai an sami mai filta sama da ƙasa. Kuma ko wacce aka zaɓa, faifan da ke danne ta da robar bakin murfi su ne abin dubawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta bakin kwalba ba ta da dogon bayani. PTFE ce, a sa ta sama da inda ruwa zai iya tafasowa, kada a toshe bakinta na waje, a lulluɓe shi sako-sako. Babbar jarkar roba tana son filta mai faɗi, in ba haka ba wajen hucewa za ta tsotse kanta ta lotse.

Maganar lokacin sauyawa, a littattafan ƙananan na'urori da yawa za a ga zagaye 400 zuwa 500, ko wata uku zuwa shida, duk wanda ya riga zuwa. Ɗaki mai ƙura ba ya kai wannan adadi. Launin toka, danshi, ko ƙofar da ta fara jinkiri, kowanne ya isa dalili. Ba a wanke ta, ba a hura mata iskar kwamfuresa, ba a shanya ta a mayar. Akwai kuma fararen faifai marasa suna da ke yawo a kasuwannin intanet, bakinsu yana shiga daidai, amma babu lambar rukunin ƙira, babu takardar gwaji, babu ma bayanin abin da ke ciki. Araha ba ta ado. Wadda za a karɓa ita ce mai sunan abin da aka yi ta da shi, da ma'aunin da ta ci, da iyakar zafin da take jurewa, a rufe cikin ledarta.

Ranar ɗaura sabuwa, a kashe na'ura a bari ta huce, a duba zoben roba, a murɗa da hannu kawai, domin filaya tana tsaga wuyan robar ta yadda ido ba zai gani ba. Idan akwai kibiya a jikinta, a bi inda ta nuna. A rubuta kwanan wata da lambar zagayen da allo ya nuna a littafin na'ura, a ajiye wata sabuwa guda a aljihun tebur mafi kusa, inda hannun mai aikin dare zai kai gare ta ranar da ƙofa ta sake ƙin buɗewa.